GARIN NEMAN GIRA KADA A RASA IDO: Ladubban Buɗe Cikin Kwamfutar Tafi-Da-Gidanka

Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin kayan da ake shigowa da su daga ƙetare ya yi tashin gwauron zabo, kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, wadda samari ke kira laftof, ba ta kuɓuta daga wannan tsada ba. Saboda haka ɗalibi da ma'aikacin ofis da ɗan kasuwa, waɗanda a da in tasu ta tsufa sukan yi tunanin sabuwa, yanzu lallaɓa ta hannunsu suke yi. Wanda tasa ta yi nauyin jiki sai ya ƙara mata ƙarfi, wanda batirinsa ya mutu ya nemi wani. Kayan gyaran kuwa ga su nan jibge a kasuwar Computer Village ta Ikeja a birnin Ikko, da Banex a Abuja, da Farm Centre da titin Beirut a Kano.

Canja irin waɗannan kayayyaki bai fi ƙarfin mai hankali ba, ko da bai taɓa shiga ajin injiniya ba. Sai dai aikin yana da tsari, kamar gini ne, ba a ɗora jinka kafin a tsai da bango. Sau da yawa abin da ke kashe kwamfuta a kan teburin gyara ba cutar da aka buɗe ta dominta ba ce, hannun da ya yi gaggawa ne, ya taɓa na uku kafin ya gama da na ɗaya. Wannan tsari shi ne abin da filin nan zai bi daki-daki a wannan mako.

MATAMBAYI BA YA ƁATA

Aikin farko ba na sukundireba ba ne, na ido ne. A ƙarƙashin kowace kwamfuta akwai rubutu mai nuna sunan kamfani da lambar samfurinta. Da wannan lamba mutum zai nemo littafin gyaranta a intanet, domin kamfanoni irin su Dell da HP da Lenovo sun ajiye littattafan samfurori masu yawa kyauta, da zane-zane masu nuna inda kowane noti yake da abin da ake fara cirewa. Akwai kuma kamfanin iFixit, wanda aka kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2003, wanda ya tara bayanan kwance na'urori iri-iri tare da hotuna. Kwamfutoci biyu na kamfani guda sukan yi kama a fuska alhali kuwa cikinsu ya sha bamban, don haka abin da mutum ya gani an yi wa ta maƙwabcinsa ba hujja ba ne a kan tasa.

Littafin nan kuma shi ne zai faɗa masa ko abin da yake son canjawa yana canzuwa. A da kusan kome na cikin kwamfuta ana iya zare shi da hannu. Amma a 2012 kamfanin Apple ya fito da MacBook Pro mai fuskar Retina, wadda aka like ma'ajiyar aikinta da dalma a jikin babban allo, aka kuma manne batirinta da gam, wasu kamfanoni kuwa suka bi sawu a sirara-siraran kwamfutocinsu. Ita ma ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau furosesa, a kusan dukan na zamani like take. Wanda ya sayo kaya kafin ya bincika yana iya buɗewa ya tarar babu gurbin da zai sa shi. Haka kuma wanda tasa ke ƙarƙashin garanti ya kamata ya karanta sharuɗɗan tukuna, domin ɓarnar da mutum ya yi da hannunsa kamfani ba ya ɗaukar nauyinta.

Na biyu shi ne kwashe abin da ke ciki. Kwamfuta in ta mutu ana sayen wata, amma kundin digiri da aka shekara ana rubutawa, ko lissafin bashin shago, ko hotunan iyali, babu kasuwar da ake sayar da su. Sai a kwafe su a filash ko wani faifai na waje, a kuma buɗe su a can a tabbatar sun kwafu. Har ila yau kwamfutoci da yawa masu Windows suna kulle faifansu da wani tsari mai suna BitLocker, wanda in ya ga an sauya wani muhimmin abu a ciki yakan ƙi buɗewa sai an ba shi mabuɗi mai lambobi 48. Wannan mabuɗi galibi yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, ya kamata kuwa a rubuta shi a takarda tun kafin a fara aiki.

BATIR SHI NE FARKO

Rufe murfin kwamfuta ba kashe ta ba ne, barci kawai take yi, wuta kuwa tana yawo a cikinta. Wajibi ne a kashe ta ɗungum, a zare caja, a cire duk abin da aka soka mata. In tsohuwar ƙira ce mai batir a waje, sai a ture sakatunsa a zare shi. In kuwa batirin yana ciki, kamar yadda yake a galibin na yanzu, to da zarar an ɗaga murfin ƙasa, abin da hannu zai fara taɓawa shi ne soket ɗin batir, a raba shi da babban allo. Da farce ko ɗan tsinken roba ake turo kan soket ɗin, ba a jan wayoyinsa. Bayan haka sai a danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 15, domin ragowar wutar da ta maƙale ta tsiyaye. Wasu kwamfutocin, kamar ThinkPad ta Lenovo, suna da wurin da ake kashe batirin ciki tun daga shafin saitin farko da ake kira BIOS, kafin ma a kwance noti ko ɗaya.

Dalilin wannan tsanani kuwa shi ne, muddin batir yana haɗe, akwai sassan allo da ke ɗauke da wuta ko da kwamfutar a kashe take. Noti guda in ya suɓuce ya faɗa tsakanin hanyoyi biyu na lantarki, ko bakin sukundireba ya goge su, tartsatsi ɗaya ya isa ya ƙone abin da kuɗin gyaransa zai kusa kuɗin kwamfutar. Sanannen misali a wurin masu gyara shi ne wayar sikirin: wanda ya zare ta ko ya mayar da ita alhali batir yana haɗe, yana iya ƙona ɗan fis ɗin da ke ba fuskar haske, sai a kunna a ga duhu, hoton yana nan amma ba ya ganuwa sai an haska tocila. Saboda wannan dalili ne ma ake son mai aiki ya tuɓe zobe da agogon ƙarfe ya ajiye gefe.

ABOKIN GABAN DA BA A GANI

Kowa ya san yadda a lokacin hunturu mutum kan taɓa ƙofar mota ko hannun ɗan'uwansa ya ji wani abu ya tsikare shi, ko ya tuɓe riga cikin duhu ya ga tana ƙyasta wuta. Wannan lantarki ne da ke taruwa a jiki saboda gogayyar tufafi da takalmi, busasshiyar iska kuwa ita ke hana shi tsiyayewa. Masana sun auna cewa mai tafiya a kan kafet cikin busasshen yanayi yana iya tara har bolt 35,000 a ma'aunin ƙarfin lantarki, alhali a lokacin danshi bai fi 1,500 ba. Jikin ɗan Adam ba ya fara jin tsikarin sai ya kai wajen bolt 3,000, amma wasu ƙananan sassan kwamfuta bolt 100 ma yana iya lalata su. Watau mutum yana iya yin ɓarna bai ji kome ba, bai ga kome ba. Daɗin daɗawa, wani lokaci abin ba ya mutuwa nan take, sai ya raunana, bayan 'yan makonni kwamfutar ta shiga daskarewa ko mutuwa da kanta, a rasa dalili.

Don haka mai gyara a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Janairu ya fi na Fatakwal cikin damina bukatar kiyayewa. Maganin abin mai sauƙi ne. Akwai wani ɗan madauri da ake ɗaurawa a wuyan hannu, mai waya da ɗan maƙali a ƙarshenta, wanda ake maƙalawa a jikin ƙarfen kwamfutar inda babu fenti, domin jikin mutum da na'urar su zama daidai. Wanda bai samu ba sai ya riƙa taɓa wani babban ƙarfe, kamar na taga, kafin ya fara da kuma duk lokacin da ya tashi ya dawo. A yi aikin a kan teburin katako, ba a kan katifa ko bargo ko kafet ba, a sa tufafin auduga, a guji na roba. Sabon kaya kuwa a bar shi cikin ledarsa mai ruwan toka sai an zo sa shi, a riƙe shi ta gefe-gefe, kada yatsa ya sauka a kan haƙoransa masu ruwan zinariya.

NOTI DA MURFI

Notunan kwamfuta ƙanana ne ƙwarai, kuma kawunansu iri-iri ne. Akwai mai gicciye, akwai mai tauraro mai tsini shida da ake kira Torx, kamfanin Apple kuma yana da nasa mai ganye biyar. Sukundireban da bai dace ba yakan cinye kan noti, daga nan aikin minti goma ya koma na yini. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne, notunan ba tsawonsu ɗaya ba. Dogon noti in aka ɗaura shi a ramin gajere, yana iya huda allo, ko ya ɓullo ta saman kibod, ko ya soki batir. Dabarar masu gyara ita ce su zana hoton ƙasan kwamfutar a takarda su ajiye kowane noti a gurbinsa, ko su yi amfani da kiret ɗin ƙwai, kowane rami da nasa. Ɗaukar hoto da wayar hannu a kowane mataki shi ma yana tsare mutum daga mantuwa.

Bayan an kwance notuna, murfin yakan kasance a riƙe da wasu 'yan haƙoran roba. Da tsohon katin banki ake bin gefen a hankali ana ɓalle su, ba da wuƙa ko bakin sukundireba ba. Ƙa'idar da ta fi kowace a nan ita ce, duk abin da ya ƙi fita akwai abin da ke riƙe da shi. Sau da yawa noti ne ya ɓuya a ƙarƙashin ƙafar roba ko takardar da aka manna. A kwamfuta ƙarfi ba ya aiki, inda ya ƙi sai a koma ga littafi.

KOWANE DA HALINSA

Ma'ajiyar aiki, wadda aka fi sani da RAM, ita ce mafi sauƙin canjawa. 'Yan ƙarafa biyu ne ke riƙe da ita ta gefe. In aka buɗa su waje sai ta ɗago da kanta, a zare ta a karkace. Sabuwar ma a karkace ake soka ta, sa'an nan a danna ta ƙasa har a ji ƙarafan sun kama. Sai dai iri-iri ce: DDR3 tana da haƙora 204, DDR4 tana da 260, DDR5 kuma 262, kowace kuma da inda aka yi mata tsaga, don kada wata ta shiga gurbin wata. Wanda ya ga tsagar ba ta yi daidai ba, to ba ita ba ce, dannawa ba za ta mai da ita ita ba. Ko a cikin DDR3 ma akwai mai cin bolt 1.5 da mai cin 1.35, wadda ake rubuta wa DDR3L, kwamfutar da aka yi domin ta biyu kuwa tana iya ƙin tashi da ta farko. Masu sayen tokumbo su lura da wannan harafi guda.

Faifan ajiya shi ma kashi-kashi ne. Akwai tsohon yayi mai faɗin inci 2.5 wanda ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, shi kuwa faɗuwa ɗaya tana iya gamawa da shi. Maye gurbinsa da irin wanda ba ya juyawa, watau SSD, shi ne abin da ya fi farfaɗo da tsohuwar kwamfuta. Akwai kuma siriri mai suna M.2, wanda noti guda ke riƙe da shi; mai lamba 2280 faɗinsa milimita 22 ne, tsawonsa 80. Shi ma iri biyu ne, SATA da NVMe, ba kuwa kowane gurbi ke karɓar duka biyun ba. Tsohon faifan da aka cire kada a bar shi a shagon kowa, domin share fayil ba ya kawar da shi ɗungum, wanda ya san hanya yana iya dawo da shi.

Inda sababbin hannu suka fi yin ɓarna shi ne wajen siraran wayoyin nan masu faɗi kamar ƙyalle, waɗanda ke haɗa kibod da wurin shafa yatsa da babban allo. Kowace tana da 'yar sakata da ake ɗagawa da farce, sa'an nan wayar ta zaro ba tare da wata gardama ba. Wanda ya fizge ta bai ɗaga sakatar ba, ko wayar ta yage ko gurbin ya ɓalle daga allo. Haka nan wayoyi biyu na eriyar intanet, galibi baƙa da fara, sama ake ɗaga kawunansu a miƙe, a kuma lura da inda kowace take.

Fanka kuwa ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabanta. In za a hure ta, sai a dafe fukafukanta da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. In aikin ya kai ga ɗaga bututun jan ƙarfen da ke janye zafi daga furosesa, to notunansa suna da lambobi a jiki, bi da bi ake sassauta su, bi da bi ake ɗaure su. Kuma duk lokacin da aka ɗaga shi, dole ne a goge tsohon man da ke tsakani da sifirit mai ƙarfi, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa ko ɗan fiye da haka. Wanda ya mayar da shi a bushe zai ga kwamfutar tana zafi tana kashe kanta.

BATIRIN DA YA KUMBURA

Duk abin da aka ambata a baya asarar dukiya ce, wannan kuwa ya shafi rai. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, yana tara ƙarfi mai yawa a ɗan ƙaramin wuri, abin da ke raba ɓangarorinsa biyu kuwa wata 'yar fata ce da ba ta kai kaurin takarda ba. A watan Agusta na 2006 kamfanin Dell ya nemi a dawo masa da batura miliyan 4.1, Apple kuma miliyan 1.8, dukansu ƙirar Sony, bayan wasu sun kama da wuta. Abin da ya jawo haka wasu 'yan ɓurɓushin ƙarfe ne da suka shiga ciki tun a masana'anta. To in ɓurɓushin da ido ba ya gani ya yi wannan aiki, ina ga bakin sukundireba?

Alamar batirin da ya lalace ita ce kumburi: wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko kwamfutar ta ƙi zama daidai a kan tebur. Wanda ya ga haka ya daina sa mata caja nan take. Kada a danna shi, kada a lanƙwasa shi, kada a huda shi wai don iska ta fita. Ko lafiyayyen batir ma an fi son a bari cajinsa ya sauka ƙasa da kashi 25 cikin 100 kafin a cire shi, domin in tsautsayi ya faru wutar ba za ta yi ƙarfi ba. Wanda aka manne da gam a bi shi sannu da katin roba, ba a sa masa ƙarfe, ba a gasa shi. In ya fara zafi ko hayaƙi ko wani wari mai zaƙi-zaƙi, sai a nisance shi, a buɗe tagogi, domin hayaƙinsa guba ne. Wanda aka cire a rufe bakin soket ɗinsa da salatif, a ajiye shi cikin bokitin ƙarfe mai yashi a waje, a kai wa masu karɓar irin waɗannan kaya. Jefa shi a bola ganganci ne, musamman da yake a unguwanni da yawa wuta ake cinna wa shara, yara kuma suna wasa kusa. Wajen sayen sabo kuwa a duba lambarsa da yawan bolt ɗinsa su yi daidai da na tsohon, a kuma tuna araha ba ta ado.

MAYAR DA KOME GURBINSA

Haɗawa ita ce kwancewa a juye: abin da aka cire a ƙarshe shi ake fara mayarwa, batir kuwa da yake shi ne na farko a fita, shi ne na ƙarshe a shiga. Kafin a rufe sai a duba hotunan da aka ɗauka, a tabbatar babu wayar da ta hau kan ramin noti, babu kuma notin da ya yi saura a takarda. Noti in ya tsaya ya isa, ƙarin murɗawa fasa roba yake yi. Wasu kwamfutocin ba sa tashi bayan an cire musu batir sai an soka caja, wasu kuma bayan canjin RAM sukan ɗan jima da baƙar fuska kafin su nuna kome, don haka kada a yi saurin yanke ƙauna. In an canja abu fiye da ɗaya, gara a gwada su ɗaya bayan ɗaya, domin in matsala ta taso a san mai laifi.

Akwai kuma iyakar da mai hankali ke tsayawa. Duk aikin da ya kai ga narka dalma a kan allo, ko kwamfutar da ruwa ko shayi ya shiga, ko batirin da ya kumbura ya kuma manne, na gwanaye ne masu kayan aiki, da muguwar rawa kuwa gara ƙin tashi. Ko a can ma wanda ya san wannan tsari ya fi wanda bai sani ba, domin yana iya tsayawa ya ga ko mai gyaran ya fara raba batir da allo kafin ya kai hannu wani wuri, ya kuma karɓi tsohon kayansa a hannu.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun kafa doka a 2023 wadda ta tanadi cewa daga watan Fabrairu na 2027 batiran na'urorin hannu da yawa su zama waɗanda mai kaya zai iya cirewa ya canja da kansa. Da yake kaso mai yawa na tokumbon da ke shigowa ƙasar nan daga can yake fitowa, amfanin dokar zai iso kasuwannin Ikko da Kano ko da an jima. Kafin wannan lokaci, abin da mai kwamfuta ke da shi shi ne littafi da haƙuri da bin tsari. In kunne ya ji, jiki ya tsira.